Shekara ta Kama Rumbu Babu Hatsi: Godiya da Kyautata Zato a Watan Muharram

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugaba Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa.

Watan Muharram na 1447 ya tsaya a ƙarshen watan Yuni na 2025, daidai faɗuwar damina. A karkarar Maraɗi, Damagaram da Tawa, wannan shi ne lokacin da rumbu ke yin ƙasa, tiyar hatsi ke tsada, magidanci ke kwana yana lissafi. A lokacin, wasu ba su gama gyara katangun da ambaliyar 2024 ta rusa ba, ambaliyar da ta kayar da tsohon masallacin Birnin Damagaram. Mai irin wannan hali idan aka ce masa barka da sabuwar shekara, zai iya tambaya: godiyar me, fatan me?

Amsar tana cikin asalin shekarar kanta. A zamanin halifancin Sayyidina Umar (R.T.A.) sahabbai suka zauna don tsayar da tarihin Musulunci. Ba su fara ƙirga daga haihuwar Annabi (S.A.W.) ko wafatinsa ba, sai daga Hijira ta shekarar 622, lokacin da ya bar garin haihuwarsa ana farautar ransa. Kwana uku ya yi a kogon Sauru tare da Sayyidina Abubakar (R.T.A.), maƙiya suka zo har bakin kogon. A nan ne ya kwantar wa abokinsa hankali da cewa Allah yana tare da su, kamar yadda aya ta 40 ta Suratut Tauba ta ba da labari. Ke nan lissafin shekarun musulmi daga shekarar kogo ya faro, tun ba a ga Madina ba.

Wannan fata kuwa ba na naɗe hannu ba ne. An tanadi raƙuma biyu, an ɗauki ɗan jagora wanda ya san hanya, Nana Asma'u ta haɗa guzuri, aka nufi kudu alhali Madina tana arewa. Haka manomi yake yi: ya ɗebi sauran irin da ya ɓoye, wanda iyalinsa za su iya ci yau, ya binne shi a ƙasa bayan ruwan farko. Ba shi da tabbacin gobe, amma ya san Wanda yake saukar da ruwa. Ɗalibin da ya faɗi jarrabawa, da ɗan kasuwar da jarinsa ya karye, aikinsu ke nan: su sake shuka.

Sai godiya. Ranar goma ga wannan wata ita ce Ashura, ranar da Allah Ya tsirar da Annabi Musa (A.S.) daga Fir'auna. Annabi Musa ya azumce ta don godiya, Annabi (S.A.W.) ya azumce ta ya kuma yi umarni da azumtarta, ya yi niyyar haɗawa da ranar tara. Abin lura, godiyar wannan rana da yunwa ake yin ta. A ƙasar Hausa ana kiran lokacin cika-ciki, kuma yalwata wa iyali alheri ne, amma wanda tukunyarsa ba ta cika ba kada ya ɗauka an bar shi a baya. Azumin yana hannunsa.

Shehu Ahmadu Tijjani (R.T.A.), wanda ya rasu a Fas a 1815, ya gina ɗariƙarsa a kan shukura: bawa ya bauta wa Allah don gode wa ni'imar da ta riga ta iso. Muridi yana da ma'aunin wannan safe da yamma a lazimi. Istigfari ɗari yana wanke abin da ya wuce. Salatin Annabi ɗari godiya ce ga mafi girman ni'ima. Hailala ɗari tana yanke dogaro da kowa in ba Allah ba. Duk wanda harshensa ya motsa da waɗannan, an riga an ba shi kyautar da ba a sayarwa a kasuwa. Allah Ya kuma yi alƙawarin ƙari ga mai godiya a Suratu Ibrahim.

Don haka abin da ya kamaci ɗan uwa a wannan wata kaɗan ne, amma yana da nauyi. Ya rama lazimin da ya kuɓuce masa. Ya koma da'irar wazifa a zawiya idan ƙafarsa ta ɗauke. Ya nemi wanda suka ɓata da shi su shirya kafin Ashura. Wanda rumbunsa ke da saura ya auna tiya ɗaya ya kai wa maƙwabcin da ba zai iya roƙo ba, domin godiyar mai abu ita ce bayarwa.

Allah Ya sa wannan shekara ta zama ta zaman lafiya a Nijar da sauran ƙasashen musulmi, Ya ba da damina mai albarka, Ya jiƙan waɗanda ba su ga tsayuwar wannan wata ba, albarkar Annabi Muhammadu (S.A.W.). Amin.