Rufin Asiri Ko Rufa-Rufa?

Yau wani hoto ne ya sa na ɗauki biro, hoton ƙanina da ke rataye a ɗakin Innarmu.

Masunci ne shi, a Wara ta ƙasar Ngaski yake kamun kifi tun yana yaro. Da kifi ya ja baya a tafkin Kainji, sai ya sayar da injin jirginsa ya haɗa da ɗan abin da matarsa ta samu na adashi, ya ba wani ejan, aka kai shi Ƙatar a 2021. Ƙasar tana ta shirin gasar cin kofin ƙwallon ƙafa ta duniya, wadda aka buɗe ranar 20 ga Nuwamba 2022. Nijeriya ma ba ta je ba, Gana ta fitar da mu tun a Abuja, amma ga ɗanmu can. Ya aiko da hoto, ya sha farar jallabiya, bayansa filin wasa na Lusail yana ta ƙyalli kamar an zuba masa zinari. Wayyo, zo ku ga murna! Matarsa ba gidan da ba ta kai hoton nan ba.

Sai da ya dawo a 2023 ya zauna ya ba ni labari, murya ƙasa-ƙasa. Ya ce, "Yaya, wallahi ko wasa ɗaya ban gani ba." Shara yake yi. Idan an tashi, jama'a sun watse, sai su shiga da manyan ledoji su bi kujeru layi-layi suna tsince robobi har asuba. Ranar 18 ga Disamba da Ajantina ta doke Faransa a bugun fenariti, yana wani lungu a ƙarƙashin filin, ihun kawai yake ji kamar aradu. Albashinsa riyal 1,000, mafi ƙarancin da doka ta yanka tun 2021, su da yawa a ɗaki ɗaya gado kan gado. Jallabiyar kuwa ta aro ce.

Ni sharar ba ta dame ni ba ko kaɗan. Mu mata wa zai gaya mana aikin da ba a gani? Ranar biki amarya ake kallo, ba mai tambayar wadda ta kwana a gindin murhu. Mu mutanen Yawuri ma mun san wannan tun 1968 da aka gama madatsar Kainji, ruwa ya cinye gungunan kakanninmu aka tayar da su, ana shan wuta a birane ba mai tuna su. Guminsa halal ne, ya biya bashi, ya yi wa ɗakinsu rufin kwano.

Abin da ke ci mini rai shi ne abin da hoton ya jawo. Samari uku na unguwa suka tayar da hankalin iyayensu, su ma sai Ƙatar. Ɗaya daga Shanga ya jinginar da gonar albasar ubansa, ejan ya karɓe kuɗin ya kashe waya, yaro bai wuce tashar mota a Legas ba. Har yau gonar tana hannun wani.

Na ce masa, "Kai kuwa me ya hana ka faɗi gaskiya?" Ya ce, "Haba Yaya, in ce wa Inna me? Hawan jininta fa?" To a nan na rasa ta cewa. An raine mu a kan rufin asiri, kullum shi muke roƙo bayan salla. Ɗa nagari ba ya ɗora wa tsohuwa damuwarsa, mace tagari ba ta tallan talaucin mijinta. Matarsa ma ashe ta sani, wata biyar tana yin ƙuli-ƙuli a ɓoye tana cewa kuɗin Ƙatar ne. Ban iya zarginta ba, da ni ce ma ƙila haka zan yi.

Amma a ganina shiru daban, ado daban. Da ya yi shiru kawai, asirinsa ya rufa. Da ya ari jallabiya ya tsaya gaban ginin da shara kawai ta haɗa su, talla ya yi wa ejan kyauta, kuma ɗan maƙwabci ne ya biya kuɗin tallan. Inna ba sai ta ji komai ba, amma yaron da ya zo yana tambayar hanya yana da hakkin a gaya masa nawa ne albashi, nawa ne bashi, su nawa ke kwana a ɗaki.

A Disambar 2024 aka ba Saudiyya gasar 2034, kun kuma san yadda zuciyar mutanenmu take da ƙasa mai tsarki. Tuni na fara jin ƙishin-ƙishin a gidajen suna. Ran Juma'ar nan ƙanin matarsa ya zo gaishe da Inna, ya daɗe tsaye gaban hoton. Na aika a kira mini ƙanin nawa daga bakin ruwa, na shimfiɗa musu tabarma a zaure, na ja Inna muka shige ciki.