WANE NE KE TSARON ƘOFARKA?

Akwai wata tambaya wadda ba ta daina tasowa a cikin ekklesiyoyinmu. Ana jin ta a taron dattawa, ana jin ta a zumuntar mata, samari kuma suna gardama a kanta bayan an tashi daga sujada. Tambayar ita ce: mutumin da ya bi Yesu, yaya zai yi da abin da ya tarar a gidan ubansa? Labarin kakanninsa, da kiɗa da waƙar garinsu, da al'adun maƙwabtansa, zai riƙe su ne, ko kuwa zai zubar?

Waɗansu sun ce a zubar da su duka, gama na duhu ne. Waɗansu kuma sun ce ba kome, kiɗa kiɗa ne, Allah zuciya yake dubawa. Kowane ɓangare ya kama gefen gaskiya, amma ba wanda ya kama ta duka. Ku zo mu tafi birnin Zariya tare, mu tsaya a Ƙofar Galadima, mu ga abin da ganuwa da ƙofa za su koya mana.

Ganuwa da ƙofofinta

Mutanen da sun kewaye birnin Zariya da ganuwa ta ƙasa, kewayenta ya fi mil 8. Zazzagawa suna tunawa da Sarauniya Amina, 'yar Bakwa Turunku, da ginin ganuwa, har ana kiran tsofaffin ganuwoyi da yawa a ƙasar Hausa ganuwar Amina. A jikin ta Zariya an bar ƙofofi, kamar su Ƙofar Doka, da Ƙofar Kuyambana, da Ƙofar Gayan, da Ƙofar Kona, da Ƙofar Tukur-Tukur, da Ƙofar Galadima inda muka tsaya. A zamanin da kowace ƙofa tana da ƙyaure da mai tsaro. Da sassafe a buɗe, manoma su fita gona, masu itace da masu nono su shigo, fatake su koro jakunansu zuwa kasuwa. Da almuru a rufe, wanda ya makara sai ya kwana waje.

Ku lura da hikimar maginan nan. Ba su yi ganuwa rufe ruf ba, gama birnin da ba shi da ƙofa kurkuku ne, yunwa za ta cinye mutanensa ko da abokin gaba bai zo ba. Ba su kuwa bar garin a sake ba, gama garin da ba ganuwa, kura da mahara su ne za su raba shi. Sai suka yi ganuwa, suka yi ƙofa, suka sa mutum mai hankali a bakinta.

Zuciyar mutum birni ce. Sulemanu ma a cikin Misalai sura 25 ya kwatanta wanda ba ya iya kame kansa da birnin da ganuwarsa ta zube. Ɗan'uwan da ya ce a zubar da kome yana so ya toshe ƙofa da tubali. Wanda ya ce ba kome yana so ya rushe ganuwa. Aikin mai bi ya fi na dukansu wuya, gama shi zai zauna a bakin ƙofa kowace rana yana duba mai shigowa.

Abin da ubanninmu suka bari ya shigo

Bari mu duba yadda masu bi na fari a ƙasar Zazzau suka yi. Likita Mila na mishan ɗin C.M.S. ya zauna a cikin birnin Zariya daga shekara ta 1905, yana ba da magani, yana koyar da yara, yana kuma juya Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa da taimakon Hausawa masu sanin harshensu. A 1929 aka ƙaura da aikin zuwa Wusasa, bayan gari. Da za a gina majami'a a can, sai aka gina ta da ƙasa, da bakan gizo irin na sorayen birni. Wannan gwaninta tsohuwa ce a Zazzau. Ita ce Babban Gwani Malam Mika'ilu ya nuna sa'ad da ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, wajen shekarun 1830. Ubanninmu ba su ƙi sana'ar maginan birni don bangaskiyarsu ta bambanta da tasu ba. Sun ga abin kirki ne, suka buɗe masa ƙofa, suka yi wa Ubangiji sujada a ƙarƙashinsa.

Haka kuma da Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa a 1932, kalmomin da muka same shi da su, kamar Allah, da addu'a, da zunubi, da tuba, da gafara, da alheri, suna bakin mutane tun kafin bishara ta iso. Da an ce duk abin da aka tarar na duhu ne, da wane harshe za a yi mana wa'azi? Kunya, da karɓar baƙo, da girmama tsoho, da kiyaye amanar maƙwabci, duka mun gaje su. Mai bin da ya yar da su bai ƙara tsarki ba, sai dai ya ba maƙwabtansa dalilin raina sunan da ake kiransa da shi.

Amma akwai abin da suka tsayar a waje. Laya, da tsafi, da zuwa wurin boka, da cinikin bayi wanda ya zubar da hawaye da yawa a ƙasar nan, waɗannan ma gado ne. Tsufan abu ba ya tsarkake shi. Tarihi yana da amfani ga wanda ya karanta shi da idon mai tsaron ƙofa, yana ware abin koyi da abin gudu.

Kiɗa ɗaya, aiki biyu

A kan kiɗa ne gardamar ta fi zafi. Ƙasar Hausa kowace sana'a da kiɗanta. Tambari da kakaki na sarki ne, tun da kuma al'adar fada ce makaɗa su taru a daren Juma'a su yi sara a ƙofar sarki. Kalangu na mahauta ne. Gangar noma takan bi samari zuwa gayya, da an kaɗa taken saurayi sai ka ga ƙarfinsa ya dawo, ya cinye kunyar da ta gagare shi. Garaya da goge kuwa da su ake kiran iskoki a wurin bori, kowane iska da nasa taken.

Turawan mishan da yawa sun hana ganga a sujada da fari, don tsoron kada tsohon hali ya biyo ta. Aka raira waƙoƙin da aka juyo daga Turanci, da muryar da aka zo da su. Daga baya matan zumunta suka shigo da tulu da ganga da caki, suka sa maganar Allah a cikin muryar da suka saba tun suna 'yan mata. Tsofaffi waɗanda ba su taɓa riƙe littafi ba suka haddace labarin Yesu ta wurin amshi. To, wa ya yi daidai?

Littafi Mai Tsarki ya nuna mana kiɗa a wuri biyu. A 1 Sama'ila sura 16, Dawuda ya kaɗa molo a gaban Sarki Saul, sai damuwarsa ta lafa, mugun ruhu ya rabu da shi. A Daniyel sura 3, Sarki Nebukadnezzar ya tara masu bushe-bushe da kaɗe-kaɗe a filin Dura, domin da an ji sautinsu kowa ya rusuna wa gunkin zinariya. Samari uku suka ji kiɗan, suka ƙi rusunawa. Fata da tsirkiya ba su da zunubi. Amma kiɗa ba ya zuwa shi kaɗai, kullum yana ɗauke da kaya, yana kuma da inda yake so ya kai ka.

Saboda haka sai mu yi wa kowace waƙa tambayar da mai tsaro ke yi wa baƙo. Daga ina ka fito? Me ka ɗauko? A gidan wa za ka sauka? Wato wa waƙar take ɗaukakawa, wace magana ce a cikinta, wane hali kuma za ta bari a zuciya bayan kiɗa ya yi shiru? Akwai waƙar da in ka ji ta da safe za ka wuni da haƙuri. Akwai wadda za ta sa ka raina matarka, ko ka ga talaucinka ya zama abin kunya har ka fara tunanin hanyar banza. Yau ma abin ya fi na da nauyi, gama wayar da ke aljihunka ƙofa ce marar ƙyaure, ba ta san almuru ba. In kai ba ka rufe ta ba, ba mai rufe maka.

Wani zai ce, "Ni ai na ji garaya ban ji kome ba." Madalla. Amma ga 'yar'uwa wadda ta fito daga bori, da ta ji wannan take sai jikinta ya ɗauki rawa, tsohon tsoro ya taso mata. Manzo Bulus ya yi dogon bayani a kan irin wannan a Romawa sura 14, a kan abinci da ranaku. Koyarwarsa ita ce, mai ƙarfi kada ya raina marar ƙarfi, marar ƙarfi kuma kada ya hukunta mai ƙarfi, kada kuwa 'yancin wani ya zama sanadin faɗuwar ɗan'uwansa. Abin da ya wuce ta ƙofarka lafiya, mai yiwuwa ne ya zama ɗan hari a ƙofar wani. Kada ka tilasta masa ya buɗe.

Abin da ke fita

Ƙofa ba ta shiga ba ce kaɗai. Ubangijinmu ya koya a Markus sura 7 cewa abin da ke fitowa daga zuciya shi ke ƙazantar da mutum. Mun san aikin maroƙi: wanda ya ba shi kyauta ya wasa shi, wanda ya hana shi ya yi masa zambo. Muna iya hana maroƙi shiga majami'a, amma halinsa ya shigo a bakinmu. Idan mai kuɗi ya ba da baiko aka yi ta kiran sunansa, gwauruwar da ta kawo mudun dawa kuwa ba wanda ya dube ta, wannan roƙo ne. Idan aka tsara waƙa da sunan yabon Allah, amma a cikinta an ɓoye habaici ga wata 'yar'uwa, kowa a zumunta ya san da wa ake, wannan zambo ne, ko da an rufe shi da Halleluya. Mai tsaron kirki yana binciken kayan mai fita kamar yadda yake binciken na mai shigowa.

Yaɓe kowace shekara

Saura abu ɗaya, shi ne kuwa ya fi taɓa ni. Wanda ya zaga birnin Zariya yau zai ga ganuwar ta zube a wurare da yawa, wani wuri ma gidaje sun hau kanta. Me ya kashe ta? Turawa sun shiga Zariya a 1902 ba tare da sun fasa ta da igwa ba. Ruwan sama ne ya yi ta cin ta damina bayan damina, aka daina yi mata yaɓe, wannan ya ɗebi kwando ɗaya na ƙasa don gyaran ɗakinsa, wancan ya ɗebi biyu. Ba wanda ya tashi da niyyar rushe ganuwa. Kowa ya ce ai kaɗan ne.

Haka halin mutum yake lalacewa, haka kuma yake ginuwa. Da wuya ka ga mai bi ya faɗi rana ɗaya. An daɗe ana ɗibar ƙasa: addu'ar safe da aka bari don sauri, mudun da aka rage wa mai saye, bashin da aka yi shiru a kansa, tsegumin da aka tsaya aka saurara. Girma cikin bangaskiya ma kwando kwando ne. Ka biya bashin nan yau. Ka gai da maƙwabcinka Musulmi da fuska a sake, ka je masa gaisuwar rashin lafiya. Ki rufe waya ki koya wa 'yarki waƙa ɗaya mai kyau. Sannu ba ta hana zuwa.

Ku tuna da Nehemiya. Ya tarar da ganuwar Urushalima a rushe, ƙofofinta an ƙone su. Ya raba aikin, mutane da yawa suka gyara sashen da ke daura da gidajensu, aka gama cikin kwana 52. Ya sa masu tsaro. Sa'an nan ya hau da ƙungiya biyu ta mawaƙa bisa ganuwar, ɗaya ta bi dama, ɗaya ta bi hagu, da kuge da molaye, suka haɗu a Haikali, har aka ji murnarsu daga nesa. Sai da aka yi gini aka sa tsaro kafin aka yi waƙa, waƙar kuwa ta yi daɗi domin gari yana cikin amana.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, ba a ɗora maka gyaran dukan ekklesiya ba, sashen da ke daura da gidanka aka ba ka. Kafin ka kwanta yau, ka tambayi kanka abin da ka bari ya shigo tun safe, da abin da ka bari ya fita. Mutum kuwa yakan yi gyangyaɗi a bakin ƙofa, shi ya sa Zabura 127 ta tuna mana cewa tsaron mai tsaro ba ya isa sai Ubangiji yana tare da shi. Ka roƙe shi ya zauna a ƙofarka, ya buɗe maka ido ka san baƙon alheri ka marabce shi, ka san na sharri ka mai da shi.

Allah ya taimake mu duka. Amin.