Sa Kai Ya Fi Bauta Ciwo: Tsakanin Harshen Baƙo da Haƙƙin Mai Masauki

Gabatarwa

Duk wanda ya zauna a Tungan Maje, a kan hanyar da ta haɗa Zuba da Gwagwalada, ya san yadda matafiya kan tsaya a bakin titi su sayi ɗan abin taɓawa su wuce. Wata rana da la'asar sakaliya ina zaune a nan, sai wata mota ta tsaya, wani baƙo ya sauke gilashi, ya ɗaga wayarsa ya ɗauki hoton wasu yara 'yan talla da ke tsaye kusa da juji, ya ja motarsa ya yi gaba. Bai yi sallama ba, bai nemi iznin kowa ba. Abin ya sosa mini rai, amma da na tambayi kaina ina ƙaryar da ya yi mana, sai na rasa amsa, domin jujin yana nan, yaran ma suna nan.

Wannan ne ya sa na waiwayi wata tsohuwar tambaya. Idan mutum ya sa kansa ya tafi wata ƙasa domin yi wa mutanenta hidima, sa'an nan ya rubuta abin da ya gani ko abin da ke ransa, rubutun ya fita ya ɓata wa wasu rai, shin daidai ne a sallame shi tun wa'adinsa bai cika ba? In kuwa an sallame shi, yana da bakin ja da hukuncin? Manufar wannan maƙala ita ce ta auna wannan al'amari ta hanyar duban abubuwa biyu da suka faru, ɗaya a Nijeriya, ɗaya a ƙasar Chile.

Katin Ibadan

A ranar 1 ga watan Maris na 1961 Shugaba John Kennedy na Amurka ya kafa ƙungiyar 'yan sa-kai da ake kira Peace Corps, ya damƙa ta a hannun Sargent Shriver. Aikinta shi ne tura matasan Amurka ƙasashe masu tasowa su yi hidima ta shekara biyu. Rukunin farko da aka turo Nijeriya malaman makaranta ne, waɗanda suka fara samun horo a Jami'ar Harvard, suka zo ƙarasawa a Kwalejin Jami'a ta Ibadan. A cikinsu akwai wata budurwa mai shekara 23, Margery Michelmore, wadda ta gama Kwalejin Smith da sakamako mai kyau.

A tsakiyar watan Oktoba na wannan shekara ta rubuta wa wani abokinta a Amurka kati, irin wanda ake jefawa gidan waya ba ambulan. A ciki ta nuna cewa horon da aka ba su bai shirya su ga irin ƙazanta da ƙuncin rayuwar da suka tarar ba, ta kuma kwatanta yadda mutane ke girki da ciniki, har da biyan buƙata, a kan titi. Katin bai kai Amurka ba, a hannun ɗalibai ya faɗa. Nan da nan aka buga shi da yawa aka rarraba, ƙungiyar ɗalibai ta kira gangami, aka zargi 'yan sa-kan da leƙen asiri da zama 'yan koren mulkin mallaka. Jaridun duniya suka ɗauka. Yarinyar ta rubuta takardar neman gafara, ta nemi ajiye aiki, aka fitar da ita daga ƙasar.

Ruwa ba ya tsami banza. A lokacin, shekara guda ke nan tak da samun mulkin kai. A watan Nuwamba na 1960 ɗaliban wannan kwaleji sun yi tattaki zuwa majalisa a Legas suna ƙin yarjejeniyar tsaro tsakanin Nijeriya da Ingila, wadda aka soke a 1962. A watan Janairu na 1961 aka kashe Patrice Lumumba a Kwango. Saboda haka ɗaliban ba katin wata budurwa kaɗai suka karanta ba. Sun ji amon irin maganar da Turawan mulki suka daɗe suna kafa hujja da ita, wato baƙar fata bai isa ya riƙe kansa ba.

Gaskiya Kaɗai Ta Isa Kariya?

Hujja ta farko da mai kare baƙo zai kawo ita ce bai yi ƙarya ba. Wannan hujja tana da nauyi, musamman a gare mu masu nazarin adabi, domin da baƙi sun kame bakinsu da mun yi asarar tarihi mai yawa. Ibn Baɗuɗa ya je Mali a 1352, ya raina kyautar sauka da Mansa Sulaiman ya aiko masa, ya rubuta rainin nasa. Kilafatan ya shiga Kano a 1824, ya kushe fadamar da ke tsakiyar birni. A yau da rubutunsu muke koyar da ɗalibai. Mu ma mun kwatanta ƙasashen wasu: Dorugu ya ba da labarin Ingila da Jamus da Hausa, Alhaji Abubakar Imam ya rubuta *Tafiya Mabuɗin Ilmi* bayan tafiyarsa Ingila a 1943.

To amma akwai bambanci tsakanin matafiyi da ɗan sa-kai. Matafiyi daga bakin hanya yake leƙe. Shi kuwa ɗan sa-kai an buɗe masa ƙofa, an shigar da shi aji da ɗakin majiyyata, har da cikin gida, bisa alkawarin cewa taimako ya kawo shi. Abin da ya gani ta wannan hanya amana ce. Likitan da ya fita ya ba da labarin jikin majiyyacinsa bai yi ƙarya ba, amma ya ci amana. Musulunci ma ya rarrabe tsakanin ƙazafi da giba, kuma sanannen abu ne cewa giba ita ce faɗin gaskiyar da mai ita ba ya so a faɗa a bayan idonsa. Ashe ke nan gaskiyar magana tana kuɓutar da mutum daga laifin ƙarya, amma ba ta kuɓutar da shi daga laifin tona asiri.

Haka kuma, baƙo ko da idonsa makaho ne. Wanda ya yi 'yan makonni a gari yakan ga juji tun kafin ya ga zumunci, yakan ga kwata tun kafin ya san wanda ke ciyar da marayun unguwa. Kowace jimla tasa tana iya zama gaskiya, amma in an haɗa su hoton ya fito a karkace.

Wa Ya Tona Asirin?

Sai dai adalci ya sa mu juyo kan kanmu, domin laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Margery ba jarida ta rubuta wa ba, mutum guda ta rubuta wa. Waɗanda suka karanta saƙon da ba nasu ba, suka buga shi, suka watsa, su ne suka mayar da maganar mutum biyu ta zama ta duniya. Addini ya hana bin diddigin asirin mutane kamar yadda ya hana giba, kuma a aya guda ta Suratul Hujurati hanin biyu suka zo. In muka zargi wadda ta rubuta muka wanke wanda ya watsa, mun yi awo da mudu biyu.

Mai ja zai ce ai kati ba ambulan tamkar magana ce a kasuwa, wadda ta zaɓe shi ta yi sakaci. Haka ne, kuma wannan sakaci shi ne laifinta na haƙiƙa. Amma hukuncin sakaci ba ɗaya yake da na ganganci ba.

Abin lura kuma shi ne yadda rikicin ya lafa. Da ɗalibai suka ƙaurace wa sauran 'yan sa-kan a ɗakin cin abinci, ɗaya daga cikinsu, Aubrey Brown, ya daina cin abinci, ya ce ba zai ci ba sai tare da su. Wannan ne ya buɗe ƙofar magana, shirin ya ci gaba a Nijeriya. Zama wuri guda da fahimtar juna su suka yi magani.

Shari'ar Murray

Labari na biyu ya sha bamban. Bruce Murray ɗan sa-kai ne na wannan ƙungiya, yana koyar da kiɗa a Jami'ar Concepción ta ƙasar Chile. A 1967 ya rubuta wasiƙa yana sukar yaƙin da ƙasarsa ke yi a Biyetnam, aka buga ta a wata jaridar garin mai suna *El Sur*. Hukumar ta kira shi gida ta sallame shi, daga bisani aka neme shi aikin soja. Bai haƙura ba, ya kai ƙara kotun tarayya a jihar Rhode Island, kuma a 1969 Alƙali Raymond Pettine ya yanke cewa sallamar ta tauye masa 'yancin faɗin albarkacin baki.

A nan ba mai masaukin da aka tona wa asiri. Murray bai taɓa mutuncin wani talakan Chile ba, gwamnatinsa ya soka, ita ce kuma ta ji kunya ta kore shi. Wannan ya nuna cewa maganar ɗan sa-kai iri biyu ce. Akwai wadda ke fallasa marar ƙarfi, akwai wadda ke damun mai ƙarfi. Ta farko ita ce lamiri ya kamata ya hana, ta biyu kuwa sau da yawa lamiri ne ke tilasta ta. Abin tsoro shi ne hukuma ta fi saurin jin zafin ta biyu, domin ita ce ke taɓa ta, alhali yaran da aka ɗauka hoto a bakin juji ba su da ofishin da za su kai kuka.

Haƙƙin Sauraro

Mu ƙaddara ma baƙo ya yi laifi. Ta yaya za a hukunta shi? A shekara ta 8 bayan Hijira, ana shirin buɗe Makka, Sahabi Haɗibu ɗan Abi Balta'a ya aika wa Ƙuraishawa wasiƙa a ɓoye yana sanar da su shirin. Aka kama wasiƙar a hanya. Sayyidina Umar ya nemi iznin kashe shi, amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya fara tambayarsa dalili, ya saurari uzurinsa game da iyalinsa da ke Makka ba mai kare su, ya dubi halartarsa Badar, ya yafe masa. In har wasiƙar da ta shafi asirin yaƙi ba ta hana a saurari mai ita ba, ina ga kati ko hoto?

Daga nan za a iya fitar da ƙa'idoji huɗu. Na farko, a sanar da ɗan sa-kai iyakar bakinsa tun kafin ya tashi, a rubuce, domin ba a kama mutum da dokar da aka ƙirƙira bayan ya yi magana. Na biyu, a nuna masa ainihin abin da ake tuhumarsa da shi, a ba shi lokaci ya amsa. Na uku, a rarrabe tsakanin ɗauke mutum daga wuri da hukunta shi. In zama ya ƙi daɗi tsakaninsa da mutanen gari, ko ransa yana cikin haɗari, ɗauke shi wajibi ne, domin ba a yi wa mutane hidima dole, kuma mai gida yana da ikon cewa baƙuncin ya isa. Amma wannan ba dalili ba ne na shafa masa baƙin fenti a takardarsa. Na huɗu, wanda zai duba ƙorafinsa kada ya zama wanda ya kore shi.

Gemun Ɗan'uwa

Kada mu ɗauka wannan matsalar Turawa ce. Tun 1987 Nijeriya ke tura malamai da likitoci da injiniyoyi ƙasashen Afirka da Karebiyan da Fasifik su yi shekara biyu a ƙarƙashin shirin TAC, wanda hedkwatarsa ke nan Abuja. Tun 1973 kuma matasanmu ke yi wa ƙasa hidima a garuruwan da ba nasu ba. Kowannensu a yau yana riƙe da waya, kuma abin da aka sa a Facebook ya fi katin Ibadan fitowa fili, domin ba ya buƙatar wani ya tsince shi. Da can mai rubutu daban, mai watsawa daban, yanzu kuwa yatsa guda ke yin aikin biyu. Uzurin da Margery take da shi, na cewa mutum guda ta nufa, ya ragu ƙwarai ga ɗan wannan zamani. Magana zarar bunu ce, ta intanet kuwa ko an goge ta wani ya riga ya adana.

Kammalawa

Hausawa sun ce sa kai ya fi bauta ciwo, domin bawa an ɗora masa ne, mai sa kai kuwa shi ya ɗora wa kansa. A cikin abin da ya ɗauka har da suturta waɗanda suka buɗe masa ƙofa, kuma ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Kafin ya rubuta, ya tambayi kansa ko zai iya karanta wa mai masaukinsa rubutun ido da ido. Amma sa kai bai mayar da shi bawa ba. Bai sayar da lamirinsa ba, bai kuma yafe haƙƙinsa na a saurare shi ba. Saboda haka wanda aka sallama ba tare da an ji ta bakinsa ba, ko aka kore shi don kawai ya faɗa wa masu mulki abin da ba su so, yana da cikakken dalilin ja, kuma jan nasa kariya ce ga waɗanda za su zo bayansa. Wanda kuwa ya mayar da talaucin masu masaukinsa abin kallo, neman gafararsu ya fi masa neman lauya.

Mu kuma masu masauki, in baƙo ya ambaci jujinmu muna da ikon nuna masa rashin ladabinsa, amma bayan ya tafi sauran aiki namu ne, domin jujin ba zai bi shi ba.

Tungan Maje, Abuja