Tsakanin Sifili da Ɗaya

Mu da muke cin abinci da rubuta manhajar kwamfuta, darasin farko da aka koya mana a jami'a shi ne cewa na'urar nan abu biyu kacal ta sani: sifili da ɗaya. Ko wuta ta wuce, ko ba ta wuce ba. Hoton da ke fuskar wayarka, da muryar mahaifiyarka da ta turo maka ta WhatsApp, da kuɗin da ke asusunka, idan aka bi su har tushe waɗannan lambobi biyu ne aka jera. Wanda ya daɗe a sana'ar sai idonsa ya saba, ya fara so ya ga mutane ma a haka, kowa da akwatinsa.

Kwanakin baya muna hira da abokan aiki bayan la'asar, wani ya jefo tambayar da ta sa kowa ya ajiye wayarsa. Ya ce, mutumin da zuciyarsa ke karkata ga mata kuma take karkata ga maza, shi wane iri ne? Nan take wuri ya rabu biyu. Wasu suka ce babu wani abu mai kama da haka, ɗan luwaɗi ne kawai yake fakewa da aure. Wasu suka ce lafiyarsa ƙalau, ƙoshi ne da kallon abin banza a intanet suka lalata shi. Da muka koma gida muka yi ta juya maganar, sai muka lura ɓangarorin biyu abu guda suke nema: a mayar da mutumin ko dai sifili ko ɗaya, kowa ya huta.

Ba fatawa muka zo bayarwa ba, ba mu kai ba. Matsayin da malaman Musulunci da mafi yawan majami'un ƙasar nan suka ɗauka a kan aikata wannan abu ba ɓoyayye ba ne, mai karatu ya san shi tun yana yaro. Abin da ya dame mu shi ne tambayoyi uku da muke cuɗawa wuri guda duk lokacin da zancen ya taso. Mene ne abin? Daga ina ya fito? Yaya za mu zauna da mutumin da yake ɗauke da shi? Muna amsa ta farko da zato, mu amsa ta biyu da zargi, sannan mu ɗauka ta uku ta amsa kanta.

Mu fara da ta farko. A shekarar 1948 wani masanin halittu a Amurka, Alfred Kinsey, ya fitar da sakamakon hirar da shi da abokan aikinsa suka yi da dubban maza a kan rayuwarsu ta sirri. Ya ga akwati biyu ba za su ɗauke abin da ya ji ba, sai ya zana ma'auni daga 0 zuwa 6. Sifili shi ne wanda ba ya sha'awar kowa sai ɗaya jinsin, shida wanda ba ya sha'awar kowa sai jinsinsa, sauran lambobin kuma na waɗanda ke tsakani. An soki yadda ya zaɓo mutanen da ya tambaya, sukar kuma tana da hujja, don haka alƙalumansa ba abin jingina ba ne. Amma abin da ya nuna, cewa akwai mutane a tsakiyar, binciken da aka yi ta yi bayansa bai rushe shi ba. Mai sha'awar jinsi biyu yana nan. Wani ma bai taɓa aikata komai ba, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, yana son matarsa tsakani da Allah, abin yana cikin ƙirjinsa shi kaɗai.

Tambaya ta biyu ita ce aka fi yi wa ƙarya, daga kowane ɓangare. A 1993 wani mai bincike, Dean Hamer, ya ba da rahoton wani yanki a ƙwayoyin gado da yake ganin yana da alaƙa da abin, jaridu suka yi ta shela cewa an gano ƙwayar luwaɗi. A 2019 aka buga wani bincike a mujallar Science wanda ya duba ƙwayoyin gadon mutane kusan rabin miliyan. Sakamakonsa ya ce babu wata ƙwaya guda. Akwai wurare da dama, kowanne da ɗan tasiri ƙanƙane, kuma gaba ɗayansu abin da suka iya bayyanawa bai wuce kashi 8 zuwa 25 cikin ɗari na bambancin da ke tsakanin mutane ba. Ba wanda zai ɗibi jininka ya faɗi inda zuciyarka ta karkata. Binciken tagwaye ma haka ya nuna: tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya sun fi sauran 'yan'uwa yin kama a wannan fanni, amma sau da yawa Hassan yana nan, Husaini yana can. Akwai kuma wani abu da aka sha gani a ƙasashe daban-daban, cewa namijin da yake da yayye maza da yawa daga uwa ɗaya ya ɗan fi yiwuwar karkata ga maza, masana na danganta hakan da abin da ke faruwa tun a cikin mahaifa.

To wanda ya ce gado ne tsantsa ya wuce gona da iri. Wanda ya ce zaɓi ne kamar zaɓen hula a kasuwa, shi ma ya tambayi kansa ranar da ya zauna ya yanke shawarar fara sha'awar mata. Babu wannan ranar. Ya dai wayi gari ya tarar da abin a tare da shi. Wata babbar ƙungiyar Kirista a Amurka, Exodus International, ta shafe shekaru fiye da talatin tana alƙawarin sauya wa mutane sha'awa. A 2013 ta rufe ƙofarta, shugabanta Alan Chambers ya nemi gafarar waɗanda aka cutar. Tun 1990 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire abin daga jerin cututtukan ƙwaƙwalwa.

Sai maganar da muka fi so, wato Turawa ne suka kawo mana. Kalmar luwaɗi kanta daga sunan mutanen Annabi Luɗu ta samo asali, littattafan fiƙihu kuma sun yi babi a kansa ɗaruruwan shekaru kafin Lugga ya taka Sakkwato a 1903. Ba a kafa hukunci a kan abin da babu shi. Abu Nuwas na Bagadaza ya yi waƙoƙin bege ga mata da samari tun zamanin Abbasiyawa. Ibn Hazm na Andalus, babban malamin ƙarni na 11, ya rubuta littafi a kan soyayya inda ya kawo labaran maza da suka kamu da son maza. Ya tsaya a kan haramcin aikin, amma bai ɗauki abin da ya faɗa wa zuciya ba da son ranta ba a matsayin laifi. A nan gida, 'yan daudu sun daɗe suna tuya da sayar da abinci a tasha da kasuwa, kakanninmu sun san su, sun ci abincinsu. Wani Ba'amurke, Rudolf Gaudio, ya zauna da su a Kano, ya fitar da littafi a 2009, ya kuma nuna cewa da yawansu magidanta ne masu mata da 'ya'ya, kuma daudu da neman maza ba lallai su zama abu ɗaya ba.

Abin da ya zo daga Turai iri biyu ne. Na farko dokar Ingila, wadda aka rubuta wa Indiya a sashe na 377 a 1860, aka yi ta kwafar irinta zuwa sauran ƙasashen da suka mallaka. Na biyu sunaye. A wajajen 1869 ne aka ƙirƙiro kalmar da Turawa ke kiran mai neman jinsinsa da ita, aka mayar da abin da a da ake gani aiki ne da mutum ke yi ya zama shi ne mutumin kansa. Wannan ma wani akwatin ne. Muna da 'yancin mu tuhumi akwatunan da ake turo mana daga waje, amma mu sani namu ma akwatuna ne.

Malamanmu na da sun fi mu haƙuri da abin da ya ƙi shiga layi. Mata-maza, wanda aka haifa da halittar jinsi biyu, batunsa daban ne da na sha'awa, kada a haɗa su. Amma dubi yadda aka yi da shi: fiƙihun Malikiyya ya zauna ya tsara masa rabonsa na gado, rabin kason namiji da rabin kason mace idan an kasa tantancewa, da wannan mas'ala ce ma Muhtasar na Halil ya rufe. Sun tarar da wanda bai shiga sifili ko ɗaya ba, sai suka nemo masa haƙƙinsa.

Yanzu tambaya ta uku, wadda ita ce tamu. A ce gobe kimiyya ta tabbatar gado ne ɗari bisa ɗari, wannan ba zai halatta komai ba, domin saurin fushi ma ana gadonsa kuma ba a yafe wa mai duka. A ce kuma ta tabbatar babu gado ko kaɗan, wannan ba zai ba kowa izinin ɗaukar sanda ba. Asalin abu ba ya yanke hukuncin yadda za a bi da mai shi. Wannan hukuncin a wuyanmu yake.

A nan ne mu masu sana'ar kwamfuta muke da wani bashi. Alan Turing, Baturen Ingila, shi ne a 1936 ya zayyana tunanin da kowace kwamfuta take tafiya a kai, wayar da kake karanta wannan da ita tana ciki. A Yaƙin Duniya na Biyu ya taimaka wajen warware saƙonnin sirrin sojan Jamus. A 1952 ɓarawo ya shiga gidansa, ya kai ƙara wurin 'yan sanda. Da bincike ya nuna yana da alaƙa da wani saurayi, sai mai ƙara ya koma wanda ake tuhuma. Aka ba shi zaɓi tsakanin kurkuku da allurar kashe sha'awa, ya zaɓi allura. A 1954 aka tsinci gawarsa yana da shekara 41, binciken hukuma ya ce guba ya sha. Sai a 2013 Sarauniya ta yi masa afuwa, a 2021 aka sa hotonsa a takardar fam hamsin. Afuwar ta tarar da shi a kabari.

Abin da ya fi tsaya mana a labarin shi ne ɓarawon. Duk inda aka ce wani rukuni na mutane ba su isa su kai ƙara ba, an buɗe wa azzalumai kasuwa. A Najeriya, bayan dokokin shari'a na jihohin Arewa, akwai dokar da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014, mai ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi da shekara 10 ga masu kafa ƙungiya ko goya mata baya. A watan nan ne taron jama'a suka yi ta jifan wata kotun shari'a a Bauchi suna neman a ba su waɗanda ake tuhuma, alƙali bai ko gama sauraron shaidu ba. Yau kuma akwai sana'ar da ake kira kito: a yaudari mutum ta manhajar hira, a kira shi wani ɗaki, a lakaɗa masa duka, a ɗauki bidiyonsa, a yi ta tatsar kuɗi daga shi da danginsa. Masu yin haka ba kishin addini ke tura su ba, 'yan fashi ne da suka gano wanda ba zai yi ihu ba. Kuma da irin kayan da muke ƙerawa suke aiki.

Tarbiyyar da aka yi mana ba ta san wannan ba. Addinin da muke kafa hujja da shi ya hana bin diddigin asirin mutane. Ya sa sharaɗin shaidu huɗu da suka gani da idonsu, ya tanadi bulala tamanin ga wanda ya yi ƙazafi bai kawo su ba. Ya bar hukunci a hannun alƙali, bai bar shi a hannun 'yan unguwa ba. Hausawa suka ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Duk da haka yau yaro ya cika sanyin murya ko tafiyarsa ta yi laushi, sai a laƙaba masa suna tun daga firamare, sunan ya bi shi har girma. Mun san iyayen da suka kori ɗansu a kan jita-jita, suka tura shi hannun waɗanda suke gudun ya faɗa wa.

Akwai kuma wadda ba a cika tunawa da ita ba, wato matar da aka ɗaura wa aure da mutumin da ba ya sha'awar mata sam, don dangi sun ce aure zai gyara shi. Ita ce take kwana da tambayar me ta rasa, alhali ba ta rasa komai ba. Inda tsoro ya hana mutum faɗa wa ko da malaminsa ko likitansa abin da ke damunsa, wata baiwar Allah ce take biyan kuɗin shirun. Mai sha'awar jinsi biyu da ya yi aure kuwa, amanar da ke kansa ita ce ta kowane miji. Karkatar zuciya ba ta zama uzurin cin amana ba, kamar yadda ba ta zama shaidar cewa ya ci ba.

Ba mu ce kowa ya sauya aƙidarsa ba. Mutum zai iya riƙe cewa aiki haramun ne, ya kuma riƙe cewa jinin mai shi da dukiyarsa da mutuncinsa haramun ne a taɓa, biyun ba sa karo. Ɗan'adam tara yake bai cika goma ba, kowannenmu yana da abin da yake roƙon Allah Ya rufa masa.

Watarana wani bidiyo zai shigo wayarka, ko hoton hirar wasu, da sunan wani da unguwarsu, an rubuta a yaɗa. Ba ka san ko gaskiya ne ba, ba ka san wanda ya ɗauka ba, ba ka san nawa aka nema kafin a sake shi ba. Ba za ka iya warware asalin sha'awar ɗan'adam a wannan daren ba, masana ma suna kan hanya. Amma abin da ke gabanka a lokacin, shi kam biyu ne babu na uku: ka tura, ko ka goge.