Alherin 'Yan Mishan Da Haƙƙin Da Ke Wuyanmu

 Ya 'yan'uwa masu karatu, matsalar da za mu duba a wannan mako ita ce: idan wanda ba Musulmi ba ya yi wa Musulmi alheri, alhali an san yana fatan jawo shi ga addininsa, shin wannan alheri abin godiya ne ko abin zargi? Tambayar ta shafe mu, domin gidajen Musulmi da yawa a ƙasar Hausa suna da wani nasu da ya sami lafiya a asibitin mishan.

Bari mu fara da abin da ya auku. A farkon mulkinsu, Turawa sun taƙaita shigar 'yan mishan ƙasashen sarakunan Musulunci. Likita Mila ya zauna a birnin Zariya tun 1905, daga baya aka mai da aikinsu Wusasa a 1929. Amma babbar ƙofar da ta buɗe musu ita ce ta jinyar kuturta. A wajajen 1937 aka danƙa wa ƙungiyar SIM kula da mazaunan kutare na Yadakunya a Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato. A 1943 ta buɗe asibitin ido a Kano, wanda yake aiki har yau a hannun ECWA, a 1950 kuma ta buɗe asibitin Galmi a ƙasar Nijar. A waɗannan wurare an wanke gyambon da dangi suka guje wa, an cire yanar ido ga tsofaffin da suka fid da rai da sake ganin jikokinsu. Tare da haka kuma ana wa'azin Kirista ga majinyata, an kuma reni waɗansu 'ya'yan kutare a hannun mishan, har waɗansunsu suka tashi ba a kan addinin iyayensu ba. Duka biyun gaskiya ne, mai faɗin ɗaya ya ɓoye ɗaya bai yi adalci ba.

Mutanenmu sun rabu biyu a kan wannan. Waɗansu sun ce ai tarko ne, hatsin da aka zuba wa tsuntsu ba don ƙaunarsa aka zuba ba. Waɗansu kuwa sun ce mai ciwo ba ruwansa da niyyar likita, shi dai ya warke. To, mene ne Musulunci ya koyar?

Na farko, shari'a ba ta yarda a musanta alheri don ƙin mai shi ba. A aya ta 8 ta Suratul Ma'ida an hane mu barin adalci saboda ƙiyayyar waɗansu mutane, a aya ta 8 ta Suratul Mumtahana kuma an halatta mana kyautata wa waɗanda ba su yaƙe mu ba. Sahabbai sun sami mafaka a Habasha wajen Najjashi, a lokacin yana sarkin Kirista. Muɗ'imu ɗan Adiyyu ya mutu bai musulunta ba, amma saboda kariyar da ya ba Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bayan dawowarsa daga Ɗa'ifa, sai da ya ambace shi da alheri bayan yaƙin Badar. Idan haka Manzon Allah ya yi da mai bautar gumaka, ina dalilin Musulmin da aka buɗe wa mahaifinsa ido ya ce ba a yi masa kome ba? Idon ya buɗe, da shi kuma tsohon ya ci gaba da karanta Alƙur'ani.

Na biyu, maganar niyya. Kada mu yi gaggawar cewa duk kyautar da aka haɗa da fatan shiriyar wanda aka ba wa ha'inci ce, domin cikin kashi 8 na masu cin zakka da aka lissafa a aya ta 60 ta Suratut Tauba akwai waɗanda ake lallashin zukatansu. Wanda ya gaskata cewa yana kan gaskiya dole ya so wa wani ita. Inda iyakar take shi ne wajen sharaɗi. Likitan da ya yi magani, ya faɗi abin da ya gaskata, ya bar majinyaci da zaɓinsa, ya yi abin da mai addini yake yi. Amma wanda ya sa magani ko gado ko karatun yaro ya zama farashin imani, ya ci amanar rauni, ko da wane addini yake yi wa aiki. Majinyacin da ba shi da wani wurin zuwa ba shi da cikakken ikon cewa a'a, yaron da aka raba da uwarsa kuma ba a tambaye shi ba. Wannan ma'auni ba na auna Kirista kaɗai ba ne. Musulmin da ya raba hatsi yana gori, ko yana neman a bi ƙungiyarsa, aya ta 264 ta Suratul Baƙara ta gaya masa ya ɓata sadakarsa.

Na uku, kuma shi ne mafi nauyi: me ya sa majinyacin ya rasa wani wurin zuwa? Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Ba 'yan mishan ne suka koya wa duniyar Musulmi jinƙan kuturu ba. Balazuri ya kawo a Futuhul Buldan cewa Sayyidina Umar ya wuce waɗansu kutare Kirista a Jabiya ta ƙasar Sham, ya yi umurni a riƙa ciyar da su daga dukiyar sadaka. Halifa Walidu ɗan Abdulmalik kuwa, a wajajen shekara ta 88 bayan hijira, ya yanka wa kutare abin masarufi don kada su yi bara, ya sa wa makafi 'yan jagora. Wannan gadonmu ne. Amma mu abin da muka saba shi ne jefa wa kuturu kwabo a ƙofar masallaci, mu wuce da ladanmu, mu bar shi da gyambonsa. Alhali kowa ya ci ladan kuturu, ai ya yi masa aski. Wani ya taso daga ƙetaren teku ya yi askin, sa'an nan muka tsaya muna tuhumar askarsa.

A shekarun 1970 gwamnatocin jihohi sun karɓi da yawa daga makarantu da asibitocin mishan. Kuturta kuma ta zama cutar da ake warkewa da haɗin magunguna tun 1981, cikin wata 6 zuwa 12, maganin kuma kyauta ne. Amma mabukata ba su ƙare ba. Ga mata masu yoyon fitsari, ga marayu, ga waɗanda tashin hankali ya raba da garuruwansu. Madalla da hukumomin zakka da waƙafi da aka kafa a waɗansu jihohi, da asibitocin da ƙungiyoyin Musulmi suka gina, sai dai har yanzu attajirinmu ya fi saurin gina masallaci kusa da wani masallaci a kan ya ɗauki albashin ungozoma guda a ƙauyensu.

Saboda haka, ya ɗan'uwa, wanda ya yi maka magani gode masa, ka riƙe addininka, biyun ba sa karo. Inda aka sa sharaɗi a kan imani, a ƙi shi a fili, cikin ladabi. Wanda kuma yake jin kishin Musulunci idan ya ga ɗan'uwansa a layin asibitin mishan, to, ya nuna kishin a kan dukiyarsa da lokacinsa, domin ranar hisabi za a tambaye mu majinyacin da ba mu duba ba, ba za a tambaye mu niyyar wanda ya duba shi ba.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sa mu cikin masu jinƙai, amin.