Ɗan Kasuwa A Kan Tafiya: Hutu Ko Amana?

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana yi mini kai-kawo a zuci, wadda nake so in baje ta a gaban 'yan'uwana ɗalibai masu karanta wannan mujalla tamu. Tambayar kuwa ita ce, idan ɗan kasuwa ya tafi hutu, ko ziyarar dangi, ko Umra, shin wajibi ne ya ci gaba da sauraron abokan cinikinsa, ko kuwa yana da damar ya toshe kunnensa har ya komo?

Kada mai karatu ya zaci wannan magana ta attajiran birni ce kurum. A ƙasashen Bichi da Dambatta da Minjibir, inda gona ke manne da gona saboda yawan jama'a, abincin gidaje da dama yana rataye ne a wuyan ɗan kasuwa guda. Alal misali, matar aure mai ƙuli-ƙuli takan karɓi gyaɗa bashi, sai ta sayar da mai sannan ta biya. Manomi kuma yakan ba da kuɗin taki tun da bazara, yana jiran ruwan shuka. To, idan mai gyaɗa ko mai taki ya ɓace mako uku babu labari, ita sana'arta ta tsaya, shi kuwa damina ba ta jiran kowa.

Wani zai ce ai tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001 an gama da wannan matsala, domin mutum yana Madina zai sayar da buhun gero a kasuwar Dawanau. Haka ne, amma fa gyaran ya zo da tasa ɓarnar. Sau nawa muka ga mutum ya je gai da mahaifiyarsa, tana yi masa magana, shi kuwa waya na kunne yana cewa "albarka"? Wannan ya je ne, amma bai je ba. Sahabi Salmanul Farisi ya tunatar da Abud Darda'i cewa Ubangijinsa da jikinsa da iyalinsa kowanne yana da haƙƙi a kansa, Manzon Allah (S.A.W.) kuma ya gaskata shi. Haka nan Suratul Jumu'a ta umarci a bar ciniki idan an kira salla. Ashe ke nan ciniki yana da iyaka.

To, yaya za a yi a tauna taura biyu? Bari mu waiwayi magabata. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro sukan yi watanni a hanya, babu waya, babu gidan waya, amma cinikinsu bai mutu ba. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, da irin wannan fataucin goro ya fara. Abin da ya riƙe su shi ne mutane: wakili a gida, maigida a zango, dillali a kasuwa. Fiye da haka ma, tarihi ya nuna lokacin Hijira, Manzon Allah (S.A.W.) ya bar Sayyidina Ali a Makka domin ya mayar wa mutane ajiyar da suka ba shi. Tafiya ba ta fasu ba, amana kuma ba ta tozarta ba.

A nawa ɗan ƙaramin tunani, haƙƙin abokin ciniki ba muryarka ba ne dare da rana, alkawarinka ne, alkawari kuwa kaya ne. Saboda haka kafin ka ɗaura kaya, ka yi sallama da mutanenka, ka faɗa musu ranar komowa. Wanda ka karɓi kuɗinsa ka ba shi kayansa. Sannan ka bar wakili mai cikakken iko, ba yaron da sai ya buga waya kafin ya auna mudu ɗaya ba. In ka so, ka ware lokaci guda a yini domin jin abin da ya gagare shi, saura kuma ka ba waɗanda ka je dominsu.

Na san za a ce wakilin zamani ba abin yarda ba ne. Gaskiya ne akan ci amana, amma wanda ba a taɓa ba shi ajiyar kwano ba, yaushe zai koyi riƙon rumbu? Waya ta sa mun yi sakaci da horar da na ƙasa da mu, kowa ya zama shi ne wuƙa shi ne nama. Mu tuna akwai wata tafiya da ba a zuwa da waya. Ranar nan, wa zai san adadin bashin mai ƙuli-ƙuli, wa zai ba manomi takinsa?

Allah Ya ba mu ikon riƙon amana, amin.