Nawa Ne Kuɗin Adalci? Darasi Daga Cinikin Bindiga Ta Hannu

Bismillahir Rahmanir Rahim.

'Yan uwa, sabon kaya kamfani ne yake yanka masa kuɗi. Kayan hannu kuwa, mutum biyu ne suke yanka masa kuɗi, kuma kusan kullum ɗaya ya fi ɗaya sanin abin. Anan ake gane mai tsoron Allah.

Zan ɗauki misali daga Amurka, inda doka ta yarda mutum ya mallaki bindigar farauta, har ya sayar da ita in ya gaji da ita. Akwai wata ƙaramar bindiga da suke harbin zomo da kurege da ita, suke kuma koyon saiti, mai harsashin .22, wanda faɗinsa kusan milimita 5.6 ne. Allurarta ba ta dukan tsakiyar gindin harsashi, gefensa take duka. Irin su Marlin Model 60 da ta fito a 1960, da Ruger 10/22 ta 1964, an ƙera miliyoyinsu, don haka ta hannu ba ta tsada. Amma Winchester Model 52, wadda aka yi don gasar harbi, harsashinsu ɗaya, kuɗinta kuwa ya ninka nasu sau da yawa. Wanda bai sani ba zai ce duk bindiga ce.

To, nawa ne kuɗin adalci?

Amsar farko ita ce abin da malaman fiƙihu suke kira samanul misli, wato kuɗin da ake sayar da irinta, a wannan gari, a wannan lokaci. Ibn Taimiyya ya yi dogon bayani a kai a littafinsa na Hisba. Ka lura, kuɗin da aka sallama ake dubawa, ba wanda mai kaya ya fara faɗa ba. Kuma abin da ka saye ta shekara goma da suka wuce, ko ƙaunar da kake mata don ta mahaifinka ce, kasuwa ba ruwanta da su.

Sai dai ba a samun bindigogi biyu na hannu iri ɗaya sak. Irin wannan bindiga, musamman tsofaffin, idan ana yawan danna kunamarta babu harsashi, allurar takan daki bakin ramin da harsashi yake shiga, ta lotsa shi, sai kwanson ya riƙa maƙalewa. Wata an taɓa harba ta da abu toshe a bututun, ya ɗan kumbura daga ciki. Wata tsatsa ta ci ta, aka goge aka sake mata launi, tana ƙyalli kamar amarya, alhali masu tara tsofaffin bindigogi sun fi biyan wadda ba a taɓa launinta na asali ba. Duk wannan mai ita ya sani. Mai saye kuwa ƙyalli yake gani.

Wannan shi ne hukuncin dabbar da ake ɗaure wa hantsa kwanaki don a ga kamar mai yawan nono ce. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana, ya kuma ba mai saye zaɓin mayar da ita tare da sa'i ɗaya na dabino. Mai dabbar bai yi ƙarya da baki ba, amma ya shirya wa ido ƙarya. Cewa "ai ka duba da kanka" ba ta wanke wanda ya san aibi ya yi shiru.

Yanzu mu juya abin. A ce mace ce mijinta ya rasu ya bar Winchester ɗin nan, ta kawo wa masani ta ce: "Ban san kuɗinta ba, ka ba ni abin da ya dace." Ya ba ta kuɗin Marlin, ta karɓa tana godiya. Ta yarda, ko? Ta yarda. Amma yardar da aka gina a kan rashin sani, mai sani yana kallo, wace irin yarda ce?

Wani zai ce: "Malam, ai sanin nan shi ne jarina, shekaru na yi ina tara shi." Gaskiya ne, kuma shari'a ba ta yanka wa riba iyaka ba. Annabi ya ƙi ƙayyade farashi a Madina lokacin da kaya suka yi tsada. Urwatul Bariƙi ya sayi awaki biyu da dinari ɗaya, ya sayar da ɗaya a dinari, Annabi ya sa masa albarka. Idan ɗan kasuwa irinka ne, kuka yi taya da albarka, ka fi shi ido, ribarka halal ce. Amma wanda ya miƙa maka wuya ya ce kai ka sani, malamai suna kiransa mustarsil, kuma cutarsa haramun ce. Wasu malamanmu na Malikiyya sun auna cuta mai yawa da kashi ɗaya bisa uku na kuɗin kaya.

An ruwaito cewa an sayo wa Jarir ɗan Abdullahi doki a dirhami 300, ya ga ya fi haka, ya yi ta ƙara wa mai dokin har 800, saboda mubaya'ar da ya yi wa Annabi a kan nasiha ga kowane Musulmi.

Ni a fahimtata, kuɗin adalci shi ne wanda ɗan uwanka zai sake yarda da shi gobe, idan ya san duk abin da ka sani yau. Ka gwada wannan ma'auni a waya, babur, ko firji na hannu.

Abu ɗaya kuma game da makami: malamai sun haramta sayar da shi lokacin fitina ko ga wanda zai yi ta'addanci da shi, kuma a Najeriya riƙe bindiga ba lasisi laifi ne. A irin halin da muke ciki, babu kuɗin da zai halatta wannan ciniki.

Allah Ya tsarkake mana dukiyarmu, Ya ba mu lafiya da zaman lafiya. Amin.